Wata takwas ina biyan kuɗin koyon fiyano, har yau ban iya kamo waƙa ni kaɗai ba

Assalamu alaikum. Shekarata 26, gyaran waya nake yi a Kano. Tun ina yaro nake son waƙa, ina da littafi guda cike da baitocin da na rubuta. Bara na ce bari in koyi abin daga tushe, sai yayana ya haɗa ni da wani abokinsa mai situdiyo, gwanin fiyano ne na gaske. Muka yi da shi zai koya min fiyano da gyaran murya da yadda ake ɗora wa waƙa kiɗa, sau biyu a mako, ina ba shi Naira 15,000 duk wata. Yau wata takwas ke nan. Waƙa shida na iya bugawa, dukansu da kallon yatsunsa na kwaikwaya. In aka kawo sabuwa ban san ta inda zan faro ba. Duk waƙoƙin a wuri ɗaya yake sa ni in buga su, in ba su zauna ba sai ya danna maɓallin nan na ɗaga sauti ko sauke shi. Sau da yawa in na je yana da baƙi, sai in zauna jira, ko a aike ni sayo man janareta, har lokacina ya ƙare. Muryata kuma ta kusa wata guda a dishe, ya ce in sha zuma da citta in ci gaba, haka murya take buɗewa. Na kai masa wata waƙata, ya haɗa mata kiɗa shi kaɗai cikin dare, ya yi daɗi ƙwarai, amma bai nuna min yadda ya yi ba, kuma ya ce wannan kuɗinsa daban. Ba ni da fiyano a gida. Yayana ya ce in yi haƙuri, haka ake koyon sana'a, ni kuma ina jin nauyin mutumin. Shin ni ne ba ni da baiwa, ko latti na yi? In haƙura da abin ne?

Wani mai gyaran waya, Kano

Wa alaikumus salam, ƙanena.

Zan fara da maganar da ka cusa a tsakiyar wasiƙarka kamar ba komai ba ce, don ita ce ba ta jira. Muryar da ta yi wata guda a dishe ba buɗewa take yi ba, ciwo ta ji. A cikin maƙogwaronka akwai wasu 'yan tantani guda biyu da iskar huhu ke kaɗawa. A muryar namiji, ko hira kawai yake yi, suna haɗuwa su rabu fiye da sau 100 a daƙiƙa ɗaya, in ya hau sama da waƙa kuma adadin ya ninka. Idan aka matsa musu sai su kumbura, kumburin ya hana su haɗuwa daidai, iska ta riƙa zurarewa, dishewar da kake ji ke nan. In aka ci gaba da gurza su a haka, sukan yi kanta kamar tafin hannun manomi, kuma wannan ba a kwana biyu take tafiya ba.

Zuma da citta ba su da laifi, suna sanyaya maƙoshi. Sai dai hanyarsu daban. Abin da ka haɗiya ta hanyar abinci yake wucewa, ba ya taɓa tantanin nan. Ranar da ɗigon ruwa ya yi kuskure ya bi ta wajensu ai ka san abin da ke faruwa, ƙwarewa ce da tari har da hawaye. Don haka daga yau ka ajiye rera waƙa. Ka rage ɗaga murya a kasuwa, kada kuma ka koma yin raɗa, ita ma tana gajiyar da su. Ka yawaita shan ruwa, ka nisanci hayaƙin janaretan da ake aikenka sayo wa mai. Dishewar da ta haura mako uku ta likita ce, ka je asibiti ɓangaren kunne da hanci da maƙogwaro a leƙa a gani. Gyaran murya na gaskiya ba ya ciwo. A kan gaji, amma duk malamin da ka ce masa maƙogwaronka na zafi ya ce ka ƙara ƙarfi, to a wannan fannin dai ba malami ba ne.

Ina ma zargin inda matsalar ta samo asali. Waƙoƙin situdiyonmu da yawa a sama ake ɗora su, musamman waɗanda namiji da mace ke karɓeɓeniya, sai namijin ya riƙa miƙa wuya yana kamo inda ba nasa ba. Abin takaicin shi ne maɓallin da zai sauko da kiɗan ya dace da muryarka yana nan a gaban malaminka, amma don sauƙin yatsu ake danna shi, ba don lafiyar maƙogwaronka ba.

Maganar baiwa kuwa ba za ta ɗauke mu lokaci ba. Mutumin da ya haddace waƙa shida da kallon yatsu kawai, ba shi da abin bugawa a gida, rabin lokacinsa kuma a hanyar gidan mai ya ƙare, yana da kunne, yana da riƙo. Shekara 26 latti ne ga wanda yake son ya zama gwanin da zai zagaya duniya yana buga kiɗan Turawa a manyan ɗakunan taro. Kai ba can ka dosa ba. So kake ka ɗora wa baitocinka kiɗa da hannunka, wannan kuwa ko ɗan shekara 40 yana iya farawa.

Yayanka ya yi gaskiya, amma gaskiyar wani tsari ce daban da wanda ka shiga. Yadda makaɗanmu suka koyi sana'a tun kaka da kakanni shi ne zama. Yaro yana ɗaukar wa ubangida kalangu ko kotso, a aike shi, ya shiga cikin 'yan amshi, ya yi shekaru yana ji yana gani, har wata rana a miƙa masa abin kiɗa. Ba wanda ke zaunar da shi ya ce masa yau darasi na ɗaya. To amma wannan yaron ba ya biyan ko sisi. Ubangida ne ke ciyar da shi, ya yi masa sutura, in an dawo daga biki a ba shi nasa kason, wani ma har aure a yi masa. Hidimarsa ita ce kuɗin makarantarsa, kuma kullum yana wurin, shi ya sa abin ke shigarsa. Ɗaya tsarin kuma na biyan kuɗi ne: ka ba ni kaza, in ba ka awa guda wadda taka ce kai kaɗai, in rufe ƙofa, in kife waya. Kowanne a cikinsu yana fitar da gwani. Kai abin da ya same ka shi ne kana biyan kuɗin tsari na biyu, kana kuma yin hidimar tsari na farko, alhali ba ka samun awar da ka saya, ba ka kuma samun zaman kullum ɗin da yaron gida ke samu. Haƙurin da yayanka ke nufi na yaron gida ne. Wanda ya biya kuɗin ɗinki ba a ce masa ya zauna ya riƙa sayo wa tela zare.

Ban ce malaminka macuci ne ba, kuma kada ka ɗauke shi haka. Mai yiwuwa shi ma da zama ya koya, ba a taɓa yi masa bayani ba, don haka bai san yadda ake yin bayanin ba. Hannunsa ya sani, bakinsa bai sani ba. Irinsu suna da yawa, kuma wasunsu in suka zauna a kan fiyano sai ka rantse da shi aka haife su.

Ga abin da ya kamata a ce an nuna maka tun makon farko. Fiyano komai tsawonsa, ko babba ne mai maɓalli 88 ko irin Yamaha mai 61 da ya cika situdiyoyinmu, sauti 12 ne kawai ke maimaita kansu, farare 7, baƙaƙe 5. Ka duba baƙaƙen, za ka ga a jere suke biyu, uku, biyu, uku. Farin da ke gefen hagu na baƙaƙe biyun nan shi ne C, kuma in ka faro daga kansa ka bi fararen zuwa dama za ka ji do, re, mi, fa, so, la, ti, do. Wannan shi ne tsanin. Daga kowane ɗaya cikin sautukan 12 ana iya kafa irin wannan tsani, abin da 'yan situdiyo ke cewa ki ke nan. Malaminka ki ɗaya ya zaunar da kai, na'ura ke yi maka sauran sha ɗayan. Maɓallin ba haramun ba ne, ƙwararru ma suna dannawa in an matsu, amma ga ɗalibi sanda ce da aka ba mai lafiyar ƙafa. Sannan in ka danna do da mi da so tare, ka sami gungun sauti na farko da ake kira kod. Fa, la, do na biyu. So, ti, re na uku. Da waɗannan ukun kaɗai ake raka waƙoƙi masu ɗimbin yawa. Ka koma kan shidan da ka haddace, ina kyautata zaton za ka tarar yatsunka sun daɗe suna danna su ba tare da an gaya maka sunansu ba.

Akwai wani gwaji da nake so ka yi, don zai cire maka shakkar baiwa gaba ɗaya. Ka bar fararen, ka tsaya kan baƙaƙen kawai. Su biyar ɗin nan tsani ne mai hawa biyar, kuma karin waƙoƙinmu na gargajiya da yawa a kan irin wannan tsani suke tafiya. Ɗauko wata waƙar gaɗa da ka ji a bakin yayyenka mata, ko ta reno, ka riƙa gunguninta a ranka kana lalube da yatsa ɗaya. Ba lallai ta zauna cif-cif ba, don ba da awon Turawa aka gina kunnenmu ba, amma za ka ji ta fito. Ranar da ka kamo waƙa ɗaya da kanka ta wannan hanya, ta fi shidan nan amfani a wurinka.

Da na fara nawa koyon a Kaduna, wani dattijo ne tsohon ɗan badujala ya karɓe ni. Mako biyu bai bar ni na taɓa komai ba sai tafi. Yana zaune a kan benci da ɗan kara yana ƙwanƙwasa gwangwanin madara, ɗaya, biyu, uku, huɗu, ni kuma in tafa a kan na biyu da na huɗu, in na kuskure ya ɗaga gira kawai ya sake farowa. Haushi kamar ya kashe ni, na zaci kuɗina yake ci. Amma duk ranar da zan tafi sai ya rubuta min a bayan littafi abin da zan yi kafin in dawo, in na dawo kuma da shi za a fara. Da wannan nake gane malami har gobe, wato ko ya san inda ya bar ka.

In kana son ma'aunin da ba na bakina ba, hukumar jarrabawar kiɗa ta Ingila da ake kira ABRSM, wadda ke aiki tun 1889, ta kasa koyon fiyano mataki 1 zuwa 8, kuma manhajarta tana intanet kyauta. Tun daga matakin farko abu huɗu take dubawa: kiɗan da ɗalibi ya shirya, hawa da saukar tsani, karanta rubutun kiɗan da bai taɓa gani ba, da gwajin kunne. Ba ta ma barin mutum ya hau mataki na 6 sai ya nuna ya san ƙa'idojin kiɗa daidai mataki na 5. A nan gida ma ƙungiyar MUSON da ke Onikan a Legas, wadda aka kafa a 1983, tana shirya jarrabawa mai matakai irin wannan. Ba cewa nake ka je ka nemo takarda ba, babu mai tambayarka satifiket a situdiyo. So nake ka ga cewa cikin abu huɗu, ɗaya ake ba ka, shi ɗin ma ta hanyar kwaikwayo.

Yanzu sai naka laifin, don akwai shi. Mai koyon fiyano da ba shi da fiyano a gida kamar mai koyon gyaran waya ne da sai Talata da Asabar yake taɓa sukundireba. Ko da malaminka ya fi kowa iya koyarwa, abin da hannu ya koya ranar Talata ya zube kafin Asabar. Minti 20 kullum ya fi awa uku rana ɗaya. Tunda dole ka huta da waƙa, ni da zan ce ka dakatar da biyan kuɗin na ɗan lokaci, ka tara, ka nemi na hannu mai maɓalli 61. Wajen saye ka danna maɓalli a hankali, ka sake dannawa da ƙarfi. In sautin bai canza ba, ka ajiye ka duba wani, don asalin sunan abin ma daga nan ya fito: Italiyawa da suka ƙera shi wajen shekarar 1700 sun kira shi mai taushi da ƙarfi ne saboda yana amsa nauyin yatsa. Ka bi maɓallan ɗaya bayan ɗaya ka tabbata babu matacce, ka kuma duba ko yana ɗaukar batir, ka san halin wutarmu. Manhajar ƙidayar bugu kuwa, metironom, kyauta ce a waya, kai ba sai an nuna maka inda ake sauke ta ba.

Batun ɗora wa baiti kiɗa, a nan kana da jarin da ba kowane malamin fiyano zai ba ka ba, wato Hausar bakinka. Harshenmu da kansa yana da hawa da sauka. Faɗi wuya na jiki, ka faɗi wuya ta wahala: na farko daga sama yake saukowa, na biyu daga ƙasa yake hawa. Kuka na hawaye a sama yake tafiya a miƙe, kuka ta miya kuwa faɗowa take a ƙarshe. Mawaƙin da ya ɗauko karin wata waƙar Indiya ya cusa baitinsa a ciki da ƙarfi, yana iya tashi yi wa masoyiya kuka ya ɓuge da tallar kayan miya. Mai sauraro zai fahimta daga zancen, amma kunnensa zai ji wani abu ya karkace. Haka gaɓa mai nauyi tana son a ja ta, mara nauyi tana son a wuce da sauri. Saboda haka kafin ka taɓa fiyano, karanta baitinka da baki, a hankali, sau da yawa, kana ƙara bayyana hawa da saukar kalmomin. Rabin karin yana ciki tun kafin ka rera. Sai ka neme shi da yatsa ɗaya, daga baya kod ya biyo. Ɗan Maraya Jos da tsirkiya ɗaya tak a kuntiginsa ya riƙe mutane shekaru da dama, kalangun Shata kuwa magana yake yi. Duk malamin da ya karanta ƙa'idar Turawa har ya fara ce maka waɗannan ba daidai suke yi ba, ka karɓi tsaninsa da rubutunsa, ka bar masa ra'ayinsa.

Kuɗin da malaminka ya nema na haɗa kiɗa, a ganina yana da hujja, aiki ne ya kwana yana yi. Inda ya gaza shi ne kun yi da shi zai koya maka, sai ya yi maka. Kafin waƙar ta fita ku yi magana a fili kan wa ke da me. Kai kuma ka riƙa sa kwanan wata a kan baitocinka, in murya ta dawo ka naɗi karin kowace waƙa a wayarka kafin ka kai ta ko'ina.

Saura jin nauyi. Kada ka ɓace masa haka kawai, kada kuma ka yi maganar a gaban yaransa ko baƙinsa. Fara da yayanka, tunda shi ya haɗa, ka nuna masa lissafin: wata takwas, Naira 120,000, ga abin da ka iya, ga muryarka. Sannan ka sami malam shi kaɗai, ka gaishe shi yadda ya kamata, ka ce masa: "Malam, na gode da ɗawainiyar da kake yi da ni. Zan huta da waƙa sai likita ya duba ni. In na dawo, ina roƙon a sa min lokacin da babu baƙi, ko da sassafe ne, ko da sau ɗaya ne a mako. Kuma ina so a fara nuna min ki-ki da kod, a riƙa ba ni aikin da zan yi a gida." Babu zargi a ciki, babu rashin kunya. In ya karɓa, ku gwada wata guda. A ƙarshen watan ka tambayi kanka abin da kake iya yi yanzu in ba ya ɗakin wanda da ba ka iyawa.

In kuwa ya ce shi ba ya koyarwa haka, ko ya amsa da baki aka koma gidan jiya, sai ka yi masa sallama ta mutunci, ka ce hidimar shago ta yi yawa, ka ci gaba da gaishe shi, ka kuma riƙa kai masa aikin haɗa kiɗa kana biya kamar kowa. Gwanintarsa tana nan, za ka buƙace ta. Masu koyar da tushe kuma ka neme su inda ake karanta kiɗa a rubuce: masu buga wa mawaƙan coci fiyano a Sabon Gari, waɗanda da do-re-mi suka tashi, da tsofaffin 'yan badujala na soja da na 'yan sanda. Ko wa ka samu, kada ka biya kuɗin wata tun ranar farko. Biya na zama ɗaya, ka lura wa ya fi taɓa fiyanon a cikin awar, kai ko shi. In kun zo kan murya, ka ga ko zai fara neman inda muryarka ta tsaya a ƙasa da inda ta tsaya a sama kafin ya zaɓa maka waƙa.

Ka fara da asibitin cikin makon nan. In an duba ka, ka rubuto min abin da likita ya ce, da sunan waƙar gaɗar da ka fara kamowa a kan baƙaƙen maɓallan.